Lita 25 ba kilo 25 ba ce: muhawara kan lissafin densiti, nauyi da girma

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah malaman kimiyya da ke cikinmu ku taimaka. An ba yarona ɗan JSS 2 aikin gida: wai dutse ne mai nauyin gram 54, aka jefa shi cikin kwalbar awo da ruwanta ke kan ml 50, ruwan ya tashi zuwa 70. A nemo densitin dutsen. Shi ya raba 54 gida 70 ya samu 0.77, babansa ya ce a'a, gida 50 za a raba. Ni kuwa rabona da lissafi tun sakandare. Wa ya yi daidai a cikinsu?

Malam Na Kimiyya: Wa'alaikumus salam Hajiya. Daga ɗan har uban babu wanda ya ci. 50 ɗin nan ruwa ne shi kaɗai. 70 kuwa ruwa ne da dutse a haɗe. Abin da muke nema girman dutsen ne kawai, wato gurbin da ya mamaye, kuma shi ne tashin da ruwan ya yi: 70 a cire 50, saura 20. Ml ɗaya daidai yake da cm³ ɗaya, saboda haka girman dutsen 20 cm³. Densiti shi ne nauyin kowane cm³ ɗaya na abu, sai a raba nauyi da girma: 54 gida 20, amsa 2.7 g/cm³. Kuma ki gaya wa Sadiq wannan ya riƙe: densitin ruwa 1 ne. Duk abin da nasa ya gaza 1, yawo zai yi a saman ruwa. Amsarsa ta 0.77 tana cewa dutsen nan bai nutse ba ke nan. Ya taɓa ganin tsakuwa tana iyo?

Maman Sadiq: Allah ya saka da alheri Malam. Baban nasa yana nan kusa, ya ce wai dama gwada yaron yake yi.

Ummi SS2: Anti ki zana masa kusurwa ukun nan, M (nauyi) a sama, D (densiti) da V (girma) a ƙasa. Wanda ake nema sai ya rufe shi da yatsa, abin da ya rage shi ne lissafin. Mu da shi muka wuce jarabawar JSS 3, ba a mantawa.

Malam Na Kimiyya: Ummi, kusurwa ukun nan ita ta kai Sadiq ga 0.77. Ya san nauyi a sama, girma a ƙasa, ya ɗauki lambar da ta fi kusa da hannunsa ya raba. Ban hana amfani da ita ba, amma ba ta gaya wa yaro wace lamba ce girman. Ni abin da nake fara koya wa ɗalibaina shi ne su karanta abin da ke bayan amsar. In aka rubuta 2.7 g/cm³, cewa aka yi kowane cm³ ɗaya na dutsen nan gram 2.7 ne. Kamar dai farashi a kasuwa: in kin san kuɗin mudu ɗaya, ba mai koya miki cewa kuɗin mudu goma ninkawa ake yi, ko kuma in an ba ki jimillar kuɗi rabawa za ki yi ki san mudu nawa ne. To ga gwaji: ƙarfe mai tsawon cm 10, faɗi 5, kauri 2, densitinsa 7.9. Nawa ne nauyinsa? Kar ki zana komai.

Ummi SS2: 10 sau 5 sau 2, ɗari ke nan. Kowane ɗaya gram 7.9, to gram 790. Amma Malam a JAMB ba lokacin wannan dogon tunanin, yatsa ya fi sauri.

Malam Na Kimiyya: Daƙiƙa nawa ya ɗauke ki yanzu?

Ɗan Sabon Gari: Ni fa duk wannan turancin 'yan boko ban ga amfaninsa ba. A shago lita ɗaya kilo ɗaya ce, kowa ya sani. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 kilo 25 ce, ba sai an kira wani densiti ba.

Injiniya: Yallaɓai kana da sikeli a shagon? Ɗora jarkar ka cire nauyin robar, ka dawo ka ba mu labari. Lita ɗaya kilo ɗaya a ruwa ne kawai, kuma ba dace aka yi ba, da gangan aka tsara shi haka: lokacin da Faransawa suka kafa wannan tsarin awo a shekarun 1790, da ruwa suka yanke kilon. Man gyaɗa wajen 0.91 yake, don haka jarkarka ba ta kai kilo 23 ba. Fetur wajen 0.74, jarka ɗaya kilo 18 da rabi. Dizal wajen 0.84, kilo 21. In kuwa zuma ka cika ta da ita, 1.4, kilo 35 za ka ɗauka. Jarka ɗaya, baki ɗaya, nauyi huɗu daban-daban.

Ɗan Sabon Gari: Haba Injiniya. Mai da ya fi ruwa kauri, ta yaya ruwa zai fi shi nauyi?

Anti Nas: Ɗan'uwa leƙa tukunyar miyar gidanka yau da daddare. Manja a sama yake ko a ƙasa?

Injiniya: Anti ta gama magana. Kauri daban, densiti daban. Kauri shi ne wahalar da abu yake yi kafin ya zuba. Baƙin man inji ya fi ruwa kauri nesa ba kusa ba, amma a saman ruwa yake kwanciya. Zaiba kuwa, wadda masu haƙar zinare ke amfani da ita, guduwa take a faranti kamar ba ta da nauyi, alhali densitinta 13.6, har ƙusa tana yawo a samanta.

Bakanike: Shi ya sa in fetur ya kama da wuta ba a watsa masa ruwa. Ruwan ƙasa yake shigewa, fetur ɗin ya hau kansa yana ci, ya bi shi duk inda ya gangara. Yashi ko abin kashe gobara. Wannan kam a gareji yaron da ya zo jiya ma ya sani.

Ɗan Sabon Gari: To na ji, zan auna. Amma ku amsa min: kilon auduga da kilon ƙarfe wanne ya fi nauyi? 😄

Ummi SS2: Kawu wannan ai ta 'yan firamare ce. Ɗaya suke, audugar ce dai za ta cika buhu, ƙarfen kuma ya shige aljihu.

Malam Na Kimiyya: Tunda an zo nan, Hajiya ga wani abu da za su haɗu da shi a SS 1. Gram da kilo suna auna yawan abin da ke jikin abu ne, shi littafinsu ke kira mas, kuma ba ya canzawa ko ina aka kai shi. Akwai kuma jan da ƙasa ke yi wa abu, wanda ake aunawa da niyuton. Mutum mai kilo 60, ƙasa tana jansa da niyuton kusan 590. A duniyar wata kilo 60 ɗinsa yana nan, amma jan bai kai niyuton 100 ba, wajen kashi ɗaya cikin shida. A lissafin densiti kilon ake sakawa, ba niyuton ba. Sai tarko na biyu, inda ɗalibai suka fi faɗawa: mita ɗaya cm 100 ce, sai yaro ya ɗauka m³ ɗaya ma cm³ 100 ne. A'a. Tsawo 100, faɗi 100, tsayi 100, miliyan ɗaya ke nan. Shi ya sa 2.7 g/cm³ in za a mayar da shi kg/m³ yake zama 2,700. Ruwa 1,000.

Injiniya: Wannan dubun ita ce mutanenmu ba sa ganewa wajen gini. Mutum zai sayo tankin ruwa mai lita 2,000, ya sa a yi masa ƙafa da siraran ƙarafuna, ko ya ɗora shi kan banɗaki, saboda lokacin da aka kawo shi babu komai ciki yara biyu ne suka mirgino shi. Ran da aka cika shi tan 2 ne zaune a wurin, daidai da buhun siminti 40. Ka tambaye shi ko zai yarda a jera buhu 40 a kan wannan ƙafar, zai ce maka Allah ya kiyaye.

Alhaji Mai Gwal: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Malam, mu a sana'armu wannan lissafin abinci ne. Zinare tsantsa 19.3 ne, tagulla ba ta kai 9 ba, azurfa 10.5, dalma 11.3. Hannun da ya saba, da an ɗora masa sarƙar da aka yi wa ruwan gwal ya san akwai magana. Amma maganar jefawa cikin kwalbar awo, wannan a dutsen Sadiq ne take aiki. A zobe ba ta aiki.

Maman Sadiq: Me ya sa Alhaji? Ni har na fara tunanin gwada 'yan kunnena.

Alhaji Mai Gwal: Hajiya zoben gram 10, in kara 22 ne (kara awon tsabtar zinare ne), ruwan da zai ture ya ɗan wuce rabin ml kaɗan, wajen 0.56. In kara 18 ne wajen 0.65. Tsakaninsu bai kai ɗigo biyu ba. Wane ido zai ga ɗigo biyu a jikin kwalba? Kuma tsakanin kara 22 da 18 kuɗi ne mai yawa. Ga yadda ake yi. Ki samu ƙaramin sikelin nan na lantarki mai nuna 0.01. Ki auna zoben a bushe ki rubuta. Ki ɗora kofin ruwa a kan sikelin ki mayar da shi sifiri. Ki ɗaure zoben da siririn zare, ki sauke shi cikin ruwan har ya nutse duka, amma kar ya taɓa gindin kofin ko gefensa, yana rataye a hannunki. Lambar da sikelin ya nuna ita ce girman zoben. Sai ki raba nauyin farko da ita. Kusa da 17.7 kara 22 ne, kusa da 15.5 kara 18, in kika ga 8 da wani abu sai haƙuri.

Ummi SS2: Alhaji ban gane ba. Zoben yana rataye a hannu, me sikelin yake aunawa?

Malam Na Kimiyya: Tambaya mai kyau. Ruwa yana tura duk abin da ya shiga cikinsa sama, da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Kin ji yadda guga yake sauƙi yana cikin rijiya, da ya fito daga ruwa sai ya yi nauyi? Shi ne. To yadda ruwan ke tura zoben sama, haka zoben ke danna ruwan ƙasa, wannan dannawar sikelin yake karantawa. Kuma tunda gram ɗaya na ruwa ml ɗaya ne, lambar gram ɗin ita ce ml ɗin kai tsaye. Wannan ƙa'idar Arkimidis ce, Bagirken nan na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin da ake bayarwa shi ne sarkinsu Hiyero ya zargi maƙerinsa da cakuɗa azurfa cikin kambun zinare, Arkimidis ya shiga wanka ya ga ruwa ya malalo, dabara ta faɗo masa.

Injiniya: Malam wannan labarin wankan ni ban cika yarda da shi ba. Wanda ya rubuta shi, Bitrubiyus na Rum, ya zo ne bayan Arkimidis da shekaru kusan 200. Kuma mu yi lissafi: kambu mai kilo ɗaya na zinare tsantsa wajen 52 cm³ ne. In maƙerin ya sace gram 300 ya cike da azurfa, zai koma wajen 65. Bambanci 13. Kambu kuwa sai a faffaɗan mazubi zai shiga, a ce mai faɗin baki cm 20. Tashin ruwan bai kai rabin milimita ba. Matsalar Alhaji ce dai ta ɗigo biyu. Galileyo ma, masanin kimiyyar nan na Italiya, tun 1586 ya ce da ma'auni mai hannu biyu aka yi. Hanya mai sauƙi ita ce: kambu a gefe, zinare mai nauyinsa a gefe, a nutsar da su cikin ruwa a ga wanda zai rinjaya.

Malam Na Kimiyya: Ban musa ba. Amma in na shiga aji da rana tsaka, yara 70 suna hamma, mutumin da ya fito daga wanka a guje yana ihu shi yake tashe su, ba ma'auni mai hannu biyu ba.

Ustaz: Allah ya gafarta malamai, kullum Girkawa. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a Khuwarizm da ke Asiya ta Tsakiya a 973, ya ƙera wani mazubi mai ɗan bututu a wuya yana tarar ruwan da ƙarfe ko dutse mai daraja ya ture yana aunawa, kuma lambobin da ya samu na zinare da zaiba suna kusa ƙwarai da na yau. Bayansa al-Khazini a birnin Marw ya rubuta Mizanul Hikma wajen 1121, littafi guda a kan ma'aunin ruwa da gane gauraye. Ya kamata yaranmu su ji waɗannan sunayen ma. Sannan Alhaji ga wani abin mamaki: nisabin zakkar zinare misƙali 20, wajen gram 85. A raba gida 19.3, bai kai cm³ 4 da rabi ba. Ƙaramin cokalin shayi ma bai cika ba.

Alhaji Mai Gwal: Haka yake Ustaz. Amma kar Hajiya ta tafi da cewa gwajin ruwa ya gama komai. Warwaro mai rami a ciki zai ba ki lamba ƙasa ko da gwal ɗin na gaske ne, saboda iskar cikinsa ta shiga lissafi. Mai duwatsu ma haka. Kumfa in ta maƙale a jikin sarƙa ita ma tana ɓata awo. Sannan akwai wani ƙarfe tangistin, densitinsa kusan ɗaya da na zinare, in aka lulluɓe shi da gwal ruwa ba zai tona shi ba. Shi ya sa har gobe ba mu yar da dutsen gogawa da ruwan asid ba, manyan dillalai kuma suna da na'ura.

Mai Zuma: To ni wannan ta shafe ni. Kullum sai an ce min zumar nan haɗi ce. Ke nan in na auna ta ta ba da 1.4 magana ta ƙare?

Anti Nas: Wa zai ba ka kwalbar awo a ƙauye?

Malam Na Kimiyya: Ba ya buƙata Anti, sikeli ya isa. Ka auna kwalba babu komai. Ka cika ta da ruwa har baki ka auna, ka cire nauyin kwalbar, abin da ya rage shi ne girmanta a ml. Ka zubar, ta bushe, ka cika ta da zuma har baki, ka auna, ka cire nauyin kwalbar, ka raba da na ruwan. Amma maganar ba ta ƙare ba. In ruwa aka ƙara wa zuma, lambar za ta sauko, za a kama. In kuwa sukari aka dafa ya yi kauri sosai, shi ma yana haura 1.3, in an gauraya shi da zuma sikelin shago ba zai raba su ba. Gwajin yana iya cewa wannan ba zuma ba ce. Ba ya iya rantsuwa cewa zuma ce.

Anti Nas: Irin ta madara ke nan. Madarar shanu wajen 1.03 take. A ƙara ruwa ta sauko, a kwashe mai ta hau, tunda man ya fi ruwa sauƙi. Wanda ya yi duka biyun sai lambar ta dawo daidai kamar ba a taɓa ta ba. A asibiti ma muna duba wannan lambar a fitsari, in ta hau sosai alama ce jiki yana ƙarancin ruwa.

Mai Zuma: Bari in je in gwada tawa dai.

Bakanike: Mu ma muna da namu. Batirin mota ko na sola mai ruwa, akwai wata 'yar roba mai gilashi da ake zuƙo ruwan da ita, wani abu yana yawo a ciki. In batir ya cika caji ruwan yana wajen 1.27, in ya mutu ya sauko wajen 1.12. Ban taɓa sanin sunan abin da nake karantawa ba sai yau. Amma Injiniya ina da tambaya. Gaskiya ne in ka sha mai da asuba ya fi auki?

Injiniya: Rabin gaskiya ce. Fetur yana buɗewa da zafi, wajen lita ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Tankar lita 33,000 in ta yi zafi da digiri 10, kusan lita 300 da wani abu za su ƙaru a awo, alhali kilon bai ƙaru da ko gram ba, yana nan wajen tan 24. Shi ya sa a manyan cinikin mai ake mayar da lissafi kan digiri 15. Amma tankin gidan mai a binne yake cikin ƙasa, zafinsa da asuba da azahar kusan ɗaya ne. Abin da za ka samu a tankin mashin ɗinka bai kai baccin da ka katse ba.

Bakanike: Ni dai na ga bambanci.

Injiniya: Ka ga hanya babu cunkoso da asuba dai. Amma in kana son inda rikita lita da kilo ya kusa cin rai, ga shi. A watan Yulin 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montireyal za shi Edmonton. Ma'aunin mansa ya lalace, sai aka auna da hannu a lita, za a mayar kilo. Ana buƙatar kilo 22,300. Maimakon a ninka da wajen 0.8, wato kilo a kowace lita, sai aka ninka da 1.77, wanda na laba ne, tsohon awon nauyi, don lokacin Kanada tana cikin sauyawa daga tsohon awo zuwa sabo. Jirgi ya tashi da man da bai kai rabin abin da ake zato ba. Injuna biyu suka mutu a sama, matuƙin ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, ba wanda ya rasu. Lissafin nasu na ninkawa daidai ne fa. Abin da ke bayan lambar ne ba wanda ya karanta.

Malam Na Kimiyya: Ummi kin ji? Su ma yatsa suka rufe.

Ummi SS2: Malam ai ka samu abin faɗa 😂

Ɗan Maraɗi: Sannunku da hira. Ni hatsi nake saye ina sayarwa, kuma rigimarmu ta kullum ke nan: tiya da sikeli. Tiya girma take aunawa, ba ruwanta da nauyi. Tiyar shanshera ba ta kai tiyar gyararriyar shinkafa nauyi ba ko kusa. Ko hatsi iri ɗaya ne, wanda aka girgiza ya zauna ya fi wanda aka zuba a hankali, ga tozo, wani ya tsayar da shi wani ya shafe. To Malam in na raba kilo da lita na samu densitin gero ke nan?

Malam Na Kimiyya: Ka samu na gero da iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa. Cika kofi da gero ka zuba ruwa, za ka ga ya shanye da yawa kafin ya malalo. Wannan gurbin iska ne. Shi ya sa tiyar gero ba ta kai tiyar ruwa nauyi ba, amma ƙwayar gero mai kyau in ka jefa ta ruwa nutsewa take. Lambobi biyu ne, ɗan kasuwa na farkon yake buƙata.

Ustaz: Wannan ce ta sa duk ƙarshen azumi ake tambaya ɗaya: sa'in zakkar fidda kai kilo nawa ne? Sa'i mudu huɗu ne na Annabi (SAW), awo ne na girma. Sa'in shinkafa da na masara da na dabino ba za su zo kilo ɗaya ba. Wanda ya ce dole lamba guda ce ga kowane abinci bai duba wannan ba.

Ɗan Sabon Gari: To ai shi ya sa na ce a bar mu da mudunmu, kakanninmu ba su san sikeli ba kuma ba su mutu da yunwa ba.

Ɗan Maraɗi: Alhaji kai da ke saye da tozo ka sayar a shafe, dole ka so mudu.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya isa, ni man gyaɗa nake sayarwa.

Anti Nas: Kakannin namu sun fi ku sanin abin nan ma. Tsohuwar da ke rege shinkafa a ƙwarya, tsakuwa ta kwanta ƙasa, ƙaiƙayi ya taso sama, me take yi? Masu wanke ƙasa a wuraren haƙar zinare na Zamfara ma hannun nan ne: yashi wajen 2.6, zinare 19, a juya kwano yashi ya bi ruwa, zinare ya zauna. Ƙwai kuma in ya kwana biyu iskar cikinsa ta ƙaru, ka saka shi a ruwa ya taso.

Maman Sadiq: Sadiq ya ce a tambayi Malam, in ƙarfe 7.9 ne, me ya sa jirgin ruwa na ƙarfe ba ya nutsewa? Kuma me ya sa ƙanƙara take yawo alhali ita ma ruwa ce?

Malam Na Kimiyya: Yaron nan ya farka. Ki ba shi kwanon silba da cokali ya saka su a baho. Cokali zai nutse, kwano zai zauna, saboda kwanon da iskar cikinsa ake lissafawa tare: nauyi kaɗan, gurbi babba, in an raba bai kai 1 ba. Sai ya dinga zuba tsakuwa a kwanon a hankali. Girman bai canza ba, nauyi yana ƙaruwa, kwanon yana ƙara zama cikin ruwa, har lambar ta kai 1 ruwa ya shiga ta baki. Abin da ke faruwa da kwale-kwalen da aka yi wa lodin wuce kima ke nan, irin wanda muke ji duk damina a Kebbi da Neja, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƙanƙara kuwa, ruwa yana cikin abubuwa ƙalilan da suke buɗewa in sun daskare, da wajen kashi 9 cikin ɗari. Nauyi ɗaya, gurbi ya ƙaru, densiti ya sauko 0.92. Shi ne kwalbar da aka cika har baki take fashewa a firiza.

Bakanike: Saura gas ɗin girki. Me ya sa shi da kilo ake sayarwa ba lita ba?

Injiniya: Saboda girmansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, zafi da matsi suna juya shi, kilo kuwa ba ya motsi. A cikin tukunyar ruwa-ruwa yake, wajen 0.55, don haka kilo 12.5 kusan lita 23 ne, kuma ba a cika tukunyar har wuya, ana bar masa wurin buɗewa. Nauyin tukunyar babu komai yana rubuce a jikinta, ka haɗa shi da abin da ka saya ka duba sikeli kafin ka bar wurin. Kuma in ya tsiyaya ya zama iska, ya fi iskar ɗaki nauyi, ƙasa yake kwanciya. Buɗe tagar sama kaɗai ba ta isa ba, a buɗe ƙofa, kar a taɓa makunnin lantarki, kar a ƙyasta ashana.

Ɗan Sabon Gari: Na auna. Da jarkar da komai 23.9, jarkar banza kilo 1 da ɗan wani abu. Amma ina zargin sikelin nan nawa.

Injiniya: Cika ta da ruwa ka sake ɗorawa, sai mu san wa za a zarga.

Mai Zuma: Na dawo. Kwalba gram 40. Da ruwa 790. Da zuma 1,105. Na cire 40 a kowanne, 1,065 gida 750, ya ba ni 1.42. Jama'a kun gani da idonku, zuma ce ta gidan kowa da kowa, akwai ta lita ɗaya akwai ta rabi, mai so ya yi min magana ta gefe.

Malam Na Kimiyya: Lissafinka daidai ne. Abin da ya nuna shi ne ba ka ƙara ruwa ba.

Admin: Mai Zuma, ba a talla a nan sai ranar Asabar.